Kowa a layinmu ya koma kunun aya, ni kuma dabara ta ƙare mini

Assalamu alaikum. Shekarata 4 ina sana'ar kunun aya a Zariya. Mu biyar ne: ni da ƙanwata, da 'yan mata biyu masu taya mu, da yaro ɗaya mai kai kaya shaguna a kula. Da muna sayar da gora 120 a rana, yanzu da ƙyar 70 ke shiga, don a layinmu kaɗai gida 5 sun fara. Ga shi duk wanda ya jima sai ya yi tsami, masu shago su dawo mini da shi. Maigida ya ce in fito da sabon abu. Na tara yaran na ce kowa ya kawo shawara, aka yi tsit, abin da na faɗa shi kowa ya ce ya yi. Na haɗa kunun da ayaba, 'yan gida suka ce ya yi daɗi, na cika gora 80. Kafin la'asar ya yi baƙi ya yi kumfa, 60 na zubar. Kuɗin maigida ne, tun ranar kunya nake ji. Ina ganin ni dai Allah bai ba ni basirar ƙirƙira ba. In haƙura in sauya sana'a ne?

'Yar'uwarku daga Zariya

Wa'alaikumussalam, 'yar'uwa. Allah Ya mayar miki da mafi alherin abin da kika zubar. Kada ki bar sana'ar nan. Wadda ta yi shekara 4 tana sarrafa abin sha mai saurin lalacewa irin kunun aya, har ta kai gora 120 a rana, ba a ce mata marar basira. Abin da wasiƙarki ta nuna mana shi ne kin tsallake matakai, su kuwa matakan nan koyonsu ake yi, kamar yadda kika koyi jiƙo da markaɗe da tata. Kin fita neman sabon abu tun ba ki tantance matsalar da zai warware ba, kin nemi shawara ta hanyar da ba ta fito da shawara, sannan kika yi gwajin farko da gora 80 a inda gora 6 sun isa su ba ki amsa.

Ita ayaba halinta ke nan. Da zarar an markaɗe ta ta sha iska, wani sinadari da ke cikin namanta sai ya mayar da ita ruwan ƙasa, daga nan baƙi, kamar yadda take yi idan yaro ya ɓare ya ajiye. Ga ta da sukari mai yawa, kin zuba ta cikin kunun da dama can abinci ne ga ƙwayoyin da ke sa tsami, a garin da zafin bazara ke haura digiri 35. Kumfar da kika gani iskar da ƙwayoyin nan ke fitarwa ce. Da kin ajiye gora biyu a kan tebur daga safe zuwa la'asar, da sun gaya miki wannan a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Yanzu ki jingine maganar ƙirƙira na mako guda. Ki sayi littafi mai layi irin na 'yan makaranta, kowane shago ki ba shi shafinsa. Kullum a rubuta ƙarfe nawa kaya suka isa, gora nawa aka kai, nawa aka sayar, nawa suka dawo, ƙarfe nawa mai shago ya fara jin tsami, kuma ina yake ajiye su, firij ko kanta ko bakin ƙofa inda rana ke duka. Aƙalla kwana 2 a makon ki bi yaron da ƙafarki, idan fita ba ta yiwu miki ki tura ƙanwarki. A tsaya minti 30 a gefen shago ana kallo kawai. Za a ga mai saye ya dafa gorar da bayan hannu kafin ya tambayi kuɗi. Za a ji wani ya ce "na yau ne?" Za a ga uwa ta sayi gora ɗaya tana neman kofi ta raba wa yara uku, a ga wani ya sha rabi ya bar rabin a kan benci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan buƙata ce da ba wanda ya biya ta. Uwar nan ƙaramin ƙulli mai araha take nema. Mai barin rabi, ko zaƙi ya ginshe shi ko gorar ta yi masa girma.

Kada ki tambayi kwastoma me yake so. Amsar ɗaya ce a ko'ina: a rage kuɗi, a ƙara yawa. Ki tambaye shi abin da ya riga ya faru. Yaushe rabonka da sayen kunun aya, a wurin wa, me ya sa ka ɗauki nasa, me ka yi da gorar bayan nan? Mutum yana iya yi miki kara a kan abin da zai yi gobe, amma abin da ya yi jiya yakan faɗe shi yadda yake.

Idan littafin ya nuna matsalar da ta fi ci miki kuɗi, ki bi ta da tambayar "me ya sa" har sau 5. Dabara ce da aka san kamfanin Toyota da ita, injiniyansu Taiichi Ohno ya yi ta koyar da ita ga ma'aikata. A ce tsami ne. Me ya sa ya yi tsami da azahar? Don ya ɗumama a kula. Me ya sa ya ɗumama? Ƙanƙara ta narke tun hantsi. Me ya sa ta narke da wuri? Don da ɗuminsa aka zuba gorunan. A nan ki tsaya ki yi lissafi. Idan gorarki mai santilita 35 ce, gora 70 lita 24 da rabi ke nan. Kafin a sauko da wannan ruwan daga digiri 30 zuwa digiri 5, sai kusan kilo 8 na ƙanƙara ya narke, tun ba a yi maganar zafin hanya da buɗe kula ana rufewa ba. To me ya sa ake zubawa da ɗumi? Don daga wurin markaɗe sai tata, sai ɗuri, sai hanya. Me ya sa? Don mai injin unguwa sai ƙarfe 7 yake buɗewa. Wataƙila taki sarƙar ta bi ta wani wuri, ta jiƙon da ya zarce awa 12 cikin zafi har ayar ta fara tsami tun a bokiti, ko ta injin da ya gama markaɗa gero ba a wanke shi ba, ko ta tsofaffin gorunan da ake tsintowa. Ko ta ina ta bi, za ki ga gyaran yakan zama sauya lokaci ko tsabtar wani mataki guda, kuma shi ma ƙirƙira ne, domin kunun da ya kai magariba lafiya a layin da na kowa ke tsami da azahar ya riga ya bambanta.

Wani farfesa ɗan Japan mai suna Noriaki Kano (suna ne ya zo ɗaya da na birnin Dabo) ya fitar da wani rabe-rabe a 1984 da zai taimake ki a nan. Ya ce akwai halayen kaya da mai saye ba ya yabawa idan suna nan, amma yana gudu idan babu su. A kununki su ne sanyi, rashin tsami, rashin yashi a ƙasan gora. Akwai waɗanda gwargwadon yawansu gwargwadon jin daɗinsa, kamar kauri da gardin kwakwa. Akwai kuma na ba-zata, waɗanda bai nema ba amma ya gani ya ji daɗi. Ayaba a rukuni na uku take, ke kuwa rukuninki na farko ne ke yoyo. Ba a yi wa ɗaki fenti jinkarsa na zuba.

Sai maganar shirun da yaran suka yi miki, wanda muke ganin ya fi asarar ayabar ɓata miki rai. Ba rashin tunani ya hana su magana ba. Ke ce uwar ɗakinsu, ke ke biyansu, ke kika fara magana. Yarinyar da ta tashi a gidan da ba a musu da babba ba za ta ce miki "Anti, ayaba za ta yi baƙi" a gaban mutane ba, ko da ta sani, kuma ba mamaki ɗaya daga cikinsu ta sani. Wannan zama na kowa ya faɗi abin da ya zo masa, wani ɗan kasuwar talla na Amurka, Alex Osborn, shi ya yayata shi a shekarun 1940 da 1950, da sharaɗin kada a kushe shawarar kowa kuma a nemi yawa kafin kyau. Sharuɗɗan suna da amfani. Amma tun a 1958 aka gwada a Jami'ar Yale, aka ga mutum huɗu da kowa ya zauna shi kaɗai sun fitar da kusan ninki biyu na abin da mutum huɗu suka fitar a zama ɗaya. A 1987 wasu masana biyu a Jamus, Diehl da Stroebe, suka nuna babban dalilin: mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, mai jiran a zo kansa kuma ko ya manta tasa ko ya ga ba ta da amfani ya haɗiye. Idan haka take a inda ba a cika kunyar babba ba, ina ga tsakar gidanki.

Maganin shi ne a rubuta kafin a yi magana. Wani Bajamushe, Bernd Rohrbach, ya tsara hanyar a ƙarshen shekarun 1960: mutum 6, kowa da takardarsa, kowa ya rubuta dabara 3 cikin minti 5, ya miƙa wa na damansa, shi kuma ya karanta ya ƙara 3 a ƙasa, ko sababbi ko gyaran na sama. Zagaye 6, minti 30, dabara 108. Ku biyar ne, to zagaye 5 ne, minti 25, dabara 75 idan kowa ya cika. Ki raba takardu iri ɗaya da biro iri ɗaya, kada a sa suna. Wadda ba ta iya boko ba ta yi da ajami ko ta zana. Idan akwai wanda ba ya rubutu sam, ya tura saƙon murya ga ƙanwarki kafin zaman, ita ta kwafe. A saman kowace takarda a rubuta tambaya guda, ƙuntatacciya, wadda ta fito daga littafin nan. "Wane sabon abu za mu yi" ba ta haifar da komai. "Ta yaya uwa mai yara uku za ta sayi kunun aya da kuɗin gora ɗaya kowa ya sami nasa" tana haifarwa. Ki sa rai dabaru 20 na farko duk abin da kowa ya sani ne. A zagaye na huɗu da na biyar, lokacin da kowa ke cewa kansa ya ƙare, a nan masu amfani ke fitowa, don haka kada a tashi da wuri. Yaron nan mai kai kaya kuma kada a bar shi a waje, shi kaɗai ne a cikinku yake jin abin da masu shago ke faɗa a bayan idonki.

Kan da ba a ba shi abin kamawa ba yakan yi ta zagaye wuri ɗaya, shi ya sa masu nazarin ƙirƙira ba sa fara tunani daga farar takarda. Sukan farke kayan da suke da shi su jera sassansa. Naki ga su: aya, ruwa, abin zaƙi, kwakwa, kayan ƙamshi, gora, murfi, ƙanƙara, kula, yaro, shago, da abin da ke ragewa a mataci. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayoyi irin waɗanda Bob Eberle ya jera a 1971: idan aka cire wannan fa, idan aka musanya shi, idan aka ƙara masa girma ko aka rage, idan aka haɗa shi da wani, idan aka juya tsarin, idan aka ba shi wani aiki daban? Tambayar cirewa ta fi kowacce albarka, kuma ita aka fi gudu, don kowa ƙari ya sani, kamar yadda kika ƙara ayaba. Ki cire abin da kike ganin ba a yi sai da shi. Cire shago: sai oda kai tsaye. Cire gora: sai a zo da mazubi a auna. Cire ruwa: sai gari. Dusar da ke ragewa bayan tata kuma, idan aka shanya ta nan take ta bushe ƙarau, masu kiwo na iya saye, idan ta kwana da danshi tsami za ta yi ta yi fumfuna.

Akwai kuma akwatin da Fritz Zwicky, masanin taurari ɗan Suwizalan, ya shahara da shi. Ki ja layi 4 a takarda. Layin siffa: ruwa, ƙanƙara, gari, dunƙule irin dakuwa. Layin zaƙi: sukari, dabino, zuma, ba komai. Layin mazubi: ƙaramar leda, gorar da kike yi, gora mai lita 1, jarka mai lita 5. Layin mai saye: 'yan makaranta, ma'aikatan ofis, masu biki da suna, masu buɗa-baki. Ɗauko ɗaya daga kowane layi yana ba da haɗi 256. Da yawa ba su da ma'ana, ki wuce su. Amma duba wannan: ruwa, dabino, jarka mai lita 5, masu suna. An biya kafin a jiƙa aya, an sha cikin awa 3, ba gora, ba mai shago, ba abin da zai dawo. Girkin bai sauya ba in ban da dabinon, amma matsalar tsami ta fita daga lissafi. Ga kuma ƙanƙara, sukari, ƙaramar leda, 'yan makaranta, wanda ya amsa buƙatar uwar nan mai yara uku, in dai kina da wutar da za ta daskarar.

Inda muke so ki fi daɗewa shi ne a kan abin da wani injiniyan Tarayyar Sobiyet, Genrich Altshuller, ya gano. Daga 1946 ya duƙufa yana nazarin takardun rajistar ƙirƙire-ƙirƙire, ya lura cewa ƙirƙira mai ƙarfi kusan kullum warware wani cin karo take yi, inda gyara abu ɗaya ke ɓata wani. Daga nan tsarin da ake kira TRIZ ya fito, da dabaru 40 da ya ga masu ƙirƙira na maimaitawa. Cin karon kunun aya a fili yake. Tafasawa ce ke kashe ƙwayoyin da ke sa tsami, amma aya na da sitaci, idan ta ji wuta sai kunun ya yi kauri ya koma kamar koko, ɗanyen gardin nan ya tafi. Ba ke kaɗai ke fama da wannan ba. A Balensiya ta ƙasar Sifen suna yin irin wannan abin sha da aya, har sukan sayi ayar daga Nijar, inda yankin Maraɗi ya yi fice wajen nomanta. Su ma ɗanyen nasu ba sa bari zafinsa ya haura digiri 72 saboda sitacin, kuma a cikin sanyi ake ajiye shi a sha cikin 'yan kwanaki.

Altshuller ya ce kada a tsaya a tsakiya, wato a ɗan ɗumama a sami kunun da bai daɗe ba kuma bai yi daɗi ba. A raba buƙatun biyu, ko a lokaci ko a wuri ko a sassa. A lokaci: aya busasshiya tana watanni ba ta lalace ba, ruwa ne ke buɗe wa lalacewa ƙofa, to kada su haɗu sai lokacin sha. Wannan ya sake kai mu ga gari, ko ga kunu mai kauri sosai da aka daskarar, mai saye ya narkar ya ƙara ruwa. A sassa: abin da ke jure wuta a ba shi wuta, wanda ba ya jurewa a bar shi. Ruwan haɗi a tafasa a huce, sukari a dafa shi da citta da kanumfari a tace, mataci da bokiti a zuba musu tafasasshen ruwa, gora a sayi sabuwa, ita ayar kuma a wanke ta sau da yawa a tsame ta cikin tafasasshen ruwa na ɗan taƙaitaccen lokaci kafin markaɗe, don yawancin dattin a bayanta yake. Wannan ba zai sa kunu ya yi mako ba, amma yana iya ƙara miki awanni, kuma awannin ne ke raba riba da faɗuwa.

Garin ma yana da nasa ƙalubale, gara ki sani tun yanzu. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na busasshiyar aya mai ne, don haka idan inji ya yi zafi sai ya cure maimakon ya yi gari, idan kuma ya jima a leda mai shan iska sai ya yi warin tsohon mai. Ɓawonta ba ya narkewa a ruwa, dole mai saye ya tace, in ba haka ba ya ji tsaki-tsaki a maƙogwaro ya ce kayanki ba kyau. Duk wannan gwaji ne zai nuna. Za a kuma ba ki shawarar tukunya cikin tukunya, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000: tukunya ƙarama cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Dabara ce mai kyau ƙwarai ga tumatir da gauta, amma sanyinta ba ya sauka zuwa digiri 5 da kunun aya ke buƙata.

Dabarun da suka taru, a bar su su kwana kafin a zauna bambance aya da tsakuwa. Kowace dabara a yi mata tambaya uku: wace matsala ta cikin littafin ta warware, za a iya gwada ta cikin mako guda da kayan da ke gidan, kuma idan ta faɗi nawa za ta ci? A zaɓi uku, kowa ya jefa ƙwayar aya a kofin wadda ya fi so, ke ce ta ƙarshe a jefawa. A gwada su ɗaya bayan ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, idan kika sauya sukari da lokacin jiƙo a rana ɗaya ba za ki san wanne ya yi aiki ba.

Kafin kowane gwaji ki sayi ƙaramin sikeli na kicin. Mudu ba ya riƙe girki, na wata ya fi na wata, kuma jiƙaƙƙiyar aya ta fi busasshiya nauyi. Ki auna a bushe, ki rubuta komai da giram da lita da awa. Gwajin daɗewa gora 12 yake ci daga haɗi ɗaya: 4 a firij, 4 a kula da ƙanƙara yadda yaron ke ɗauka, 4 a kan kanta. A buɗe ɗaya daga kowane rukuni bayan awa 4, 8, 12 da 24. A duba launi, a matsa gorar a ji ko ta yi tauri, a saurari ko ta yi tsaki da aka buɗe, a shinshina. Wadda ta kumbura ko ta sauya wari kada a kai ta baki. Masu sayar da kayan ɗakin gwaji suna da 'yar takardar auna tsami mai sauya launi. Sabon kunu yana tsakanin 6 da 7 a ma'auninta, yana fara sauka tun hanci bai ji ba. Amma hanci da takarda ba sa ganin duk ƙwayoyin cuta. Ranar da za ki buga kwanan watan lalacewa a jikin kaya, sai ɗakin gwaji ya auna, kuma a Zariya kike, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin ƙananan halittu da za ki iya neman bayani.

Ɗanɗano kuma ki daina tambayar 'yan gida, kara za su yi miki. Idan kina so ki san ko mutane za su gane kin rage sukari ko kin sauya shi da dabino, ki jera kofi 3, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, ki ce a nuna na daban. Mai cinka ma yakan dace sau ɗaya cikin uku, don haka a cikin mutum 18 sai aƙalla 10 sun nuna daidai kafin ki ce bambancin a fili yake. Idan ba su kai ba, wataƙila kwastoma ma ba zai lura ba, kin sami hanyar rage kashe kuɗi. Ki kiyaye abu guda: kunun da ba a sa wa sukari ba har yanzu yana ɗauke da sukarin aya da na dabino, kada ki tallata shi a matsayin na masu ciwon suga.

Wanda ya tsallake waɗannan sai ya je kasuwa da kaɗan: gora 10 a rana, shago 2, kwana 6, a kan ainihin farashin da za ki sayar, ba kyauta ba ragi. Abin lura shi ne mutum nawa suka dawo suka sake saye, don ranar farko kowa marmari yake yi. Tun kafin a fara ki rubuta sharaɗin dainawa, misali idan a kwana ukun ƙarshe ba a sayar da 7 cikin 10 a kullum ba, an bar shi. Idan ba a rubuta ba, zuciya za ta yi ta ce miki a ƙara mako ɗaya. Kuɗin gwajin gaba ɗaya kada ya wuce ribar mako guda, a ware shi a gefe da sunan kuɗin koyo.

Da wannan takardar za ki koma wurin maigida. Kunyar da kike ji za ta ragu idan kika zauna kika nuna masa abin da ya kashe gora 60 ɗin, da abin da za a gwada, da iyakar abin da zai iya salwanta. Mai ba da jari ya fi samun natsuwa da lissafi a kan alkawari.

Maƙwabta za su kwaikwayi duk abin da ya karɓu, ki sa wannan a ranki. Abin da ido ke gani, kamar sabon ɗanɗano ko sabuwar leda, cikin mako biyu zai bazu a layin. Abin da ba sa gani shi ne awannin jiƙonki, da tsarin sanyayawarki, da lambobin masu suna da biki da suka saba kiranki. Idan gari ko wani abu mai daɗewa ya karɓu har za ki rufe shi a leda da suna, sai an yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, an kuma sami lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ki je ofishinsu ki tambayi sharuɗɗan ƙananan masu sana'a kafin ki buga leda ko ɗaya. Littafin nan dai gobe da safe za a buɗe shi, shafin farko na shagon da ya fi kowa dawo miki da kaya.